Ɓarawon 'Ya'yan Itace da Matar da Ba a Ambaci Sunanta Ba: Tarken Ɗaukar Alhaki a Littafin Iƙirari na Ogastin

Gabatarwa

Ɗalibin da ya karanta darasin kwatanta addinai yakan fita daga aji riƙe da jimla guda game da Kiristanci, wato wai Kirista ya yi imani an riga an ɗauke masa zunubinsa a kan gicciye, don haka babu sauran alhaki a wuyansa. Jimlar tana da daɗin hadda, tana kuma kawo maki a jarrabawa. Sai dai wanda ya zauna ya karanta manyan malaman Kirista na ƙarnonin farko zai tarar cewa mas'alar alhakin zaɓin da mutum ya yi ta hana su barci, ta raba kawunansu, har ta kai ga an kori wasu daga coci. Wannan maƙala za ta yi tarken littafin da ya yi tasiri mafi girma a kan wannan mas'ala a Kiristancin Yamma, wato Confessiones na Ogastin, wanda Larabawa suka fassara da sunan al-I'itirafat, mu kuma za mu kira shi Iƙirari.

Ogastin ɗan Afirka ne. An haife shi a shekarar 354 a Tagaste, garin da ake kira Suk Ahras a Aljeriya ta yau. Ya yi karatu a Kartaj, ya koyar da balaga a can da Roma da Milan, aka yi masa baftisma a Milan a 387 a hannun Bishop Ambros, ya kuma mutu a 430 yana bishop na Hippo, wato Annaba, a lokacin da rundunar Bandalawa ta yi wa garin ƙawanya. Ya fara rubuta Iƙirari wajejen 397, ya kasa shi juzu'i 13, kuma tun daga farko har ƙarshe da Allah yake magana, mai karatu kuwa laɓe yake yi yana saurare. Kalmar Latin da ya zaɓa ta haɗa ma'ana biyu, amsa laifi da yabon Ubangiji, kuma a wurinsa abu guda ne: duk laifin da bawa ya amsa nasa ne, ya tsarkake Mahaliccinsa daga gare shi ke nan.

Abin da za a nuna a nan shi ne littafin ya nutsa ƙwarai wajen ɗora wa mutum alhakin laifinsa a gaban Ubangijinsa, ya kuma yi ƙaranci wajen alhakin da ke tsakaninsa da mutumin da ya cuta.

Ƙofofin tsira da ya rufe wa kansa

Kafin Ogastin ya zama Kirista ya shafe kimanin shekara tara yana bin Manawiyya, addinin Mani da ɗalibanmu suka sani a cikin littattafan milal da nihal a babin masu cewa asali biyu ne, haske da duhu. A juzu'i na biyar ya faɗi abin da ya riƙe shi a wannan aƙida da gaskiyar da ba kowa ke iya faɗa a kan kansa ba. Ba ƙarfin hujja ba ne. Daɗi yake ji idan an ce masa ba shi ne ke yin zunubi ba, wata ɗabi'a ce ta duhu da aka cusa a cikinsa take yi, shi kuwa yana nan tsarkakakke yana kallo. Ya ce girman kansa ne ya so hakan, kuma ciwonsa ya fi wuyar magani domin bai ɗauki kansa mara lafiya ba.

Ƙofa ta biyu ita ce ta masu duba taurari. Ya yi mu'amala da su yana saurayi, ya kuma gane daga baya cewa sana'ar tasu ta sayar wa mutane da uzuri ce: a ce wa mazinaci tauraruwar Zahra ce ta ja shi, a ce wa mai faɗa Mirrihu ne, sai mutum ya fita fes, laifin ya koma kan wanda ya halicci taurarin. A juzu'i na bakwai ya rushe wannan da labarin wani abokinsa da aka haifa a sa'a guda da ɗan wata baiwa, ɗaya ya tashi cikin daula, ɗaya ya rayu cikin bauta, alhali taurarinsu ɗaya.

Ƙofa ta uku ita ce ta abokai, kuma a nan ne shahararriyar ƙissar satar 'ya'yan itace ta zo, a juzu'i na biyu. Yana ɗan shekara 16, karatu ya tsaya domin mahaifinsa yana haɗa kuɗin tura shi Kartaj, sai ya zauna gida babu aikin yi. Wata rana da tsakar dare shi da 'yan uwansa samari suka je wata bishiyar kummasara da ke kusa da gonar inabinsu (ba fiyar da muka sani ba ce, wani ɗan itace ne na ƙasashen sanyi), suka girgiza ta, suka kwashi abin da suka iya ɗauka, suka ɗan gutsura, sauran suka watsa wa aladu. Ƙissar ke nan gaba ɗaya. Amma dattijon bishop mai shekara arba'in da 'yan kai ya zauna ya cinye rabin juzu'i yana tuhumar kansa a kanta.

Masu karatu da yawa a wannan zamani sun yi wa wannan wuri dariya, suna ganin tsananin waswasi ne a mayar da ƙuruciya babban laifi. Ni a ganina nan ne littafin ya fi ƙarfi, kuma ƙanƙantar laifin ita ce ta ba shi ƙarfin. Da kisan kai ya ba da labari, da mai karatu ya shagala da jini. Da yake abin bai taka kara ya karya ba, sai idon mai karatu ya tsaya a kan tambaya guda: me ya sa? Ogastin ya bi dalilan da ke sa mutum sata ɗaya bayan ɗaya yana soke su. Ba yunwa ba ce, domin bai ci ba. Ba kwaɗayi ba ne, domin a gidansu akwai waɗanda suka fi su kyau, waɗannan kuwa ba launi ba ɗanɗano. Ko mugayen da tarihin Roma ya sani, in ji shi, suna da abin da suke nema da muguntarsu, mulki ko dukiya ko ramuwa. Shi kuwa da ya tace komai sai ya ga abin da ya rage shi ne son haramcin kansa, wato daɗin yin abu domin an hana. Ya kira wannan kwaikwayo ne na banza da bawa ke yi wa ikon Allah, kamar ɗan kurkuku da ke wasan 'yanci a cikin ɗakinsa.

Da ya zo kan abokai sai ya amsa cewa da shi kaɗai ne da bai yi ba. A nan mai karatu zai zaci za a ce zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, a rufe magana. Ogastin bai yarda ya fita ta wannan ƙofa ba. Ya mayar da ita wata tuhumar: ashe bayan son laifin, ya kuma so tarayya cikin laifin, ya ji kunyar a ce shi mai kunya ne. Abin da wani zai kawo a matsayin sassauci, shi ya lissafa shi cikin ƙarin nauyi.

Saɓon da ya zama sabo

Juzu'i na takwas shi ne inda ya yi bayanin da har yau masana halayyar ɗan Adam ke komawa gare shi. A lokacin hankalinsa ya riga ya gamsu da Kiristanci, babu sauran shubuha, amma ya kasa barin rayuwar da ya saba. Ya siffanta kansa da ɗaurarre, ya kuma ce sarƙar ba baƙin ƙarfen wani ba ce, nasa nufin ne ya zama ƙarfe. Ya jera zobbanta: karkataccen nufi ya haifi sha'awa, sha'awar da aka yi wa biyayya ta zama sabo, sabon da ba a yaƙa ba ya zama tilas. Bahaushe ya ce sabo turken wawa, Ogastin kuwa ya ƙara da cewa wawan ne da kansa ya kafa turken. Saboda haka ko tilas ɗin da mutum ke ji a ƙarshen hanya ba uzuri ba ne, tunda da ƙafarsa ya taka zuwa can.

Ya lura da wani abin mamaki: zuciya ta umarci hannu ya motsa, nan take ya motsa, amma ta umarci kanta sai ta ƙi. Manawiyya za su ce hujjar rayuka biyu ke nan. Shi ya ce a'a, da haka ne da mutumin da ke shawara tsakanin abubuwa huɗu yana da rayuka huɗu. Rai ɗaya ne, nufinsa ne bai cika ba. Wanda yake so da wanda yake ƙi duka shi ne, Ogastin. Ya tuna ma cewa yana saurayi ya taɓa roƙon Allah kamun kai, amma a ransa yana fatan kada a amsa da wuri. Wanda ya karanta al-Munƙiz na Imamu Gazali zai tuna watanni shida da ya yi a Bagadaza a shekarar 488 bayan Hijira yana sa ƙafa yana janyewa, kuma kamar yadda Gazali bai iya yanke shawara ba sai da harshensa ya ɗaure, haka Ogastin bai ce shi ya tsinke sarƙarsa ba. Yana kuka ƙarƙashin wani ɓaure a lambu a Milan a 386 ya ji muryar yaro daga maƙwabta tana maimaita a ɗauka a karanta, ya buɗe wasiƙun Bulus, idonsa ya faɗa kan ƙarshen sura ta 13 ta wasiƙar Romawa, shakkarsa ta yaye.

A nan tsarin littafin ya bayyana. Duk mugun aikin da ke ciki Ogastin ya ce nasa ne, duk alherin da ke ciki ya ce kyauta ce. Kalmar da Kiristocin Hausa ke fassarawa da "alheri" ta fi kusa da abin da malaman kalam ke kira taufiƙi. Bai kamata manazarci Musulmi ya yi gaggawar tsalle a kan wannan rabo ba, domin aya ta 79 a Suratun Nisa'i ta jingina kyakkyawa ga Allah, mummuna ga ran mutum, kuma malamanmu sun daɗe suna bambanta ladabin Annabi Adamu, Alaihis Salam, da ya jingina zaluncin ga kansa, da rashin ladabin Iblis da ya jingina ɓatansa ga Ubangijinsa. A matsayin ladabin munajati, abin da Ogastin ya yi ba shi da aibi. Matsalar ta taso ne lokacin da aka mayar da ladabin ya zama ƙa'idar aƙida, aka kuma tambaye shi dalili.

Felajiyus da ruhubanan Hadrumetum

Wanda ya tambaya shi ne Felajiyus, wani mai zuhudu daga Birtaniya da ke wa'azi a gidajen manyan Roma. Ogastin da kansa ya ba da labari cewa wani bishop ya karanta wa Felajiyus wata addu'a daga juzu'i na goma, wadda a cikinta Ogastin ke roƙon Allah ya fara ba shi ikon yin abin da ya umarta, sannan ya umarci duk abin da ya so, sai Felajiyus ya harzuƙa har ya kusa yin faɗa da mai karatun. Ba wauta ba ce ta sa shi. Yana zaune ne cikin birnin da Kiristanci ya zama addinin hukuma, masu kuɗi sun cika coci ba tare da sun canja komai ba, kuma kowa ka yi wa magana sai ya ce ɗan Adam mai rauni ne. Felajiyus ya ga addu'ar nan za ta zame musu matashin kai. Ra'ayinsa shi ne Allah ya ba mutum iyawa, so da aikatawa kuma na mutum ne, kuma mai adalci ba ya umartar abin da ba a iyawa. A wasiƙar da ya rubuta a 413 wa Demetriyas, wata budurwa 'yar babban gida da ta zaɓi rayuwar ibada, ya nanata mata cewa dukiya da asali gado ne, amma nagarta ba mai ba ta sai in ita ta nema. Wata majalisa a Ludda ta Falasɗinu ta wanke shi a 415, majalisar Kartaj ta 418 ta hukunta ra'ayinsa, ta Afisa ta 431 ta tabbatar.

Akwai jarrabawa ga ɗalibi ya ce Felajiyus Mu'utazili ne, Ogastin kuma Jabari. Kashi na farko yana da ɗan kama, na biyu kuskure ne. Jahamu bin Safwan ya kore wa bawa aiki in ban da majazi, Ogastin kuwa bai taɓa cewa mutum yana saɓo ba da sonsa ba. Cewa ya yi nufin yana nan, amma ya kamu da ciwo, yana zaɓa da kansa, sai dai in ba a taimake shi ba mugun yake zaɓa. Bugu da ƙari, muhawararmu ta kasbu da halittar ayyuka ta taso ne daga tambayar yadda ikon bawa zai zauna tare da ikon Mahalicci, kuma ta shafi Adamu kafin ya ci itaciyar da bayan ya ci. Ta Ogastin daga tarihi ta taso: Adamu yana da cikakken zaɓi, ya ɓata shi, zuriyarsa ta gaji ɓarnar tare da laifin.

Ba a daɗe ba tsoron Felajiyus ya tabbata, a cikin gida kuma. Wajejen 426, a wani gidan ruhubanai a Hadrumetum, wato Susa ta Tunisiya, wasu suka karanta wata wasiƙar Ogastin a kan alheri, aka ji masu cewa in dai haka ne, shugaban gida ba shi da hurumin tsawata wa wanda ya yi laifi, addu'a kawai zai yi masa. Ogastin ya rubuta musu littattafai biyu, ɗaya a kan alheri da 'yancin zaɓi, ɗaya a kan tsawatarwa da alheri. Amsarsa ita ce a ci gaba da tsawatarwa, domin laifin na mai shi ne, kuma wataƙila tsawar ce sababin da Allah zai warkar da shi da ita, tunda ba wanda ya san zaɓaɓɓu. Wannan ta ishi mai tsawa. Ba ta ishi wanda aka yi wa tsawar ba in yana cikin waɗanda ba a ba taimakon ba, domin zai ce: da me za a kama ni? Ogastin zai ce masa, ka riga ka yi laifi a cikin Adamu.

Duk ginin a kan wannan dutse ya tsaya, kuma dutsen yana da tsaga. Ayar da ya fi dogara da ita, ta 12 a sura ta 5 ta Romawa, ya karanta ta ne a tsohuwar fassarar Latin wadda ke ba da ma'anar kowa ya yi zunubi a cikin Adamu, alhali mafi yawan masana a yau sun fahimci lafazin Girkanci da ma'anar mutuwa ta game kowa domin kowa ya yi zunubi. Shi da kansa ya faɗa a juzu'i na farko cewa ya tsani Girkanci yana yaro. Sannan sura ta 18 ta littafin Ezekiyel ta zo musamman don soke karin maganar Isra'ilawa ta iyaye su ci tsami haƙoran 'ya'ya su mutu, ta kuma ce ɗa ba ya ɗaukar laifin uba, ma'anar da Alƙur'ani ya nanata a surori biyar. Ogastin ya fassara ta da cewa alkawari ne mai cika ga wanda aka sake haifa ta baftisma. Daga nan ya kai ga hukuncin cewa jaririn da ya mutu ba baftisma yana cikin hallaka, ko da yake azabarsa ce mafi sauƙi. Tun a Iƙirari an ga ƙwayar wannan, inda ya kawo jaririn da ya gani yana hararar ɗan'uwansa na shayarwa a matsayin shaidar cewa jarirai gaɓoɓinsu ne marasa laifi, ba zukatansu ba. Yuliyan, bishop na Eklanum, ya ce masa wannan ai Manawiyya ce ta dawo da sabuwar riga. Zargin ya yi tsanani, amma akwai abin dubawa a cikinsa. Mutumin da ya ƙi yarda a ce wata ɗabi'a ce ta yi masa zunubi ya ƙare yana cewa an haifi kowa da laifin da bai zaɓa ba. Alhakin da ya hau kan jariri da ɓarawo daidai wa daida ya fara rasa ma'anar da ƙissar bishiyar ta ba shi.

Adalci ne a faɗa cewa Kiristanci bai haɗiye wannan gaba ɗaya ba. Cocin Gabas masu Girkanci sun fi maganar gadon mutuwa da rauni a kan gadon laifi. Majalisar Oranj ta 529 ta karɓi koyarwarsa a kan alheri, ta kuma yi tir da cewa Allah ya ƙaddara wa wani mugunta. A 2007 kwamitin malaman tauhidi na Fadar Fafaroma ya fitar da bayani cewa akwai dalilin fatan tsira ga jariran da suka mutu ba baftisma.

Mai bishiya da uwar yaro

Akwai wani giɓi a littafin da bai shafi wannan muhawara ba, kuma shi ya fi damuna. A duk dogon binciken satar nan, mai bishiyar bai bayyana ba. Wani mutum ya tashi da safe ya tarar an kakkaɓe masa itace, amma ba mu ji ko wane ne ba, ba mu ji an nemi gafararsa ba, ba mu ji an biya shi ba. Laifin gaba ɗaya ya zama tsakanin Ogastin da Allah. Mai karatu da ya tashi da sanin cewa tuba daga haƙƙin bayi ba ta cika sai an mayar wa mai haƙƙi haƙƙinsa ko ya yafe, dole ya ji wannan shiru. A kan 'ya'yan itace ana iya kau da kai. A juzu'i na shida ba a iyawa.

Tun yana ɗalibi a Kartaj ya ɗauki wata mace suka zauna ba aure, fiye da shekara goma, ta haifa masa ɗa, Adiyodatus, kuma ya ce bai taɓa ha'intarta ba. A Milan, da girma ya fara zuwa, mahaifiyarsa Monika ta nema masa auren 'yar gidan da ya dace da matsayinsa, sai zaman waccan ya zama cikas. Aka mayar da ita Afirka, ta bar ɗanta a wurinsa, ta yi alwashin ba za ta ƙara sanin wani namiji ba. Yarinyar da aka sa masa rana kuwa sauran shekara biyu ta isa aure, shi kuma bai iya jira ba, ya ɗauko wata.

Abin lura shi ne nahawun wurin. Marubucin da ya cika littafinsa da "ni na yi, ni na so", a nan ya koma ga fi'ilin da ba a ambaci mai aikinsa ba: an fizge ta daga gefensa. Wa ya fizge ta? Namiji ne mai shekara 30 da ɗoriya, malamin balaga na birnin sarki, ba yaron da za a yanke wa shawara ba. Ya yi maganar zuciyarsa da ta tsage tana zubar da jini, kuma ba mu da dalilin ƙaryata shi. Ya amsa cewa ya kasa yin koyi da ƙarfin halin mace. Amma laifin da ya lissafa wa kansa a wurin shi ne bautar sha'awa. Korar matar da ta ba shi ƙuruciyarta, da raba uwa da ɗanta don neman matsayi, ba su samu ko kashi ɗaya cikin goma na binciken da 'ya'yan itacen aladu suka samu ba.

Akwai abubuwan da za a faɗa don kare shi. Irin wannan zama halal ne a dokar Roma, kuma majalisar Toledo ta wajejen 400 ba ta hana jibin Ubangiji ga mutumin da ba shi da mata sai ƙwarƙwara guda ba. Rashin ambaton sunanta ma yana iya zama sutura, domin abokinsa da mutuwarsa ta girgiza shi a juzu'i na huɗu shi ma ba a faɗi sunansa ba, sunan Monika kanta sau ɗaya ya fito. Haka kuma ba za a ce Kiristanci bai san haƙƙin bayi ba. Bisharar Matiyu a sura ta 5 ta umarci mai kawo baiko ya ajiye shi ya je ya shirya da ɗan'uwansa tukuna, ta Luka a sura ta 19 ta kawo Zakka mai karɓar haraji da ya yi alkawarin mayar da ninki huɗu ga duk wanda ya zalunta. Ogastin da kansa, a wasiƙarsa ga wani babban jami'i mai suna Makedoniyus wajejen 414, ya ce ba a gafarta zunubin ƙwace matuƙar ba a mayar da abin da aka ƙwace ba alhali ana iyawa, maganar da ta zama ƙa'ida a fiƙihun coci. Waɗannan duka sun ƙara nauyin tambayar ne, tunda sun nuna ya san babin.

Amsar da ta fi kusa, a ganina, tana cikin siffar littafin. Wanda ya zaɓi ya yi magana da Allah shi kaɗai, kowane mutum da ya shigo labarin sai ya zama ko dai sababin faɗuwa ko sababin shiriya. Monika sababi ce, Ambros sababi ne, yaron da ke waƙa a maƙwabta sababi ne, matar nan kuma ta zama sunan wata sarƙa. Ba ta samu wurin tsayawa a matsayin mai ƙara ba, domin kotun da littafin ya kafa mutum biyu kawai ta sani. Wannan siffa ta bi littattafan tuba da shaidar sabon rai da aka yi ta rubutawa bayansa a Yamma, inda mai tuba ke ba da labarin ɓatansa da tsirarsa daki-daki, waɗanda ya taka a hanya kuwa su wuce kamar inuwa.

Wajejen 401, wato daf da kammala Iƙirari, Ogastin ya rubuta wata risala a kan alherin aure. A cikinta ya kawo misalin mutumin da ya ɗauki mace na ɗan lokaci, yana jiran ya samu wadda ta dace da darajarsa ko dukiyarsa ya aura. Ya yanke cewa wannan mutum mazinaci ne a zuciyarsa, kuma wadda ya ci amana ita ce wadda yake zaune da ita, ba wadda yake nema ba. Game da macen kuwa, in ta riƙe masa amana, bayan rabuwa kuma ta ƙi neman wani, ya ce ba zai yi saurin kiranta mazinaciya ba. Duk wanda ya karanta juzu'i na shida ya san mutumin, ya kuma san matar. Hukuncin da ya kasa furtawa da lamirin mai magana a littafin da aka gina a kan "ni", ya furta shi a nan da lamirin wanda ba ya nan, a cikin sakin layi guda na littafin fiƙihu.

Almajirinsa Fosidiyus, wanda ya rubuta tarihin rayuwarsa, ya ce a ciwon ajalinsa ya sa aka kwafe masa zaburorin tuba na Annabi Dawuda, Alaihis Salam, aka liƙa su a bango daura da gadonsa, yana karantawa yana kuka. Kimanin kwana goma kafin mutuwarsa ya roƙi kada kowa ya shigo masa sai lokacin da likitoci suka zo ko aka kawo abinci. Adiyodatus ya riga shi mutuwa da wajen shekara arba'in, yana saurayi, jim kaɗan bayan sun koma Afirka.